Idan Rigar Amarya Ta Ƙi Zama: Haƙƙin Wa, Kuma Ina Mafita?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Da zarar an kai amfanin gona gida a ƙasar Minjibir, daga Kunya zuwa Wasai da Kantama, sai bukukuwan aure su yi ta bin juna, kuma su sake cunkushewa a watan Sha'aban kafin azumi. A waɗannan lokutan teloli ba sa samun barci. Cikin wannan gaggawa ne ake kawo wa amarya rigar da za ta sa ranar kamu ko walima, a gwada, a tarar ta matse ta a ƙirji, ko hannu ya ɗage, ko zif ya ƙi rufuwa. Daga nan sai kuka, sai zagin tela a ƙofar shagonsa, wani lokaci har dangin ango su ji cewa an lalata leshin da suka zuba a lefe.

Muna ganin wannan lamari ya cancanci a tattauna shi a wannan shafi, domin akwai dukiya a cikinsa, akwai alkawari, akwai mutuncin yarinya da na mai sana'a. Ra'ayinmu shi ne: riga tana gyaruwa cikin kwana ɗaya, amma haƙƙin da aka ci da zumuncin da aka ɓata saboda ita suna iya kai shekaru ba su gyaru ba. Saboda haka a bi matsalar da ilimi.

Matsalar ma sabuwa ce a wurinmu. Minjibir gari ne da ya yi suna da saƙa tun zamanin kakanni, kuma tufafin da masaƙa suka saba fitarwa ba su buƙatar awon jiki. Zane ɗaurawa ake yi, mayafi yafawa ake yi. Siririya da mai jiki duk zane ɗaya ya ishe su. Da ɗinkin zamani ya shigo, wanda ake yanka shi daidai da ƙirar jiki, sai kuskuren inci ɗaya ya zama abin tashin hankali. Duk wanda ya zaɓi irin wannan ɗinki, to ya zaɓi har da haɗarinsa, kuma ya kamata ya san hukuncinsa.

A al'adarmu yadin na amarya ne, yawanci daga lefen da aka sayo a Kantin Kwari, tela kuma aikinsa kawai ake biya. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada. A mazhabar Imam Malik, mai sana'ar da ya buɗe shago domin jama'a, ya karɓi kayan mutane ya tafi da su inda mai kaya ba ya gani, shi ke da lamunin abin da ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, sai fa in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Ɗalibanmu da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani sun ci karo da wannan hukunci. Dalilinsa maslahar jama'a ce: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, in ba a ɗora musu lamuni ba dukiyar mutane za ta salwanta.

Sai dai lamunin yana da iyaka. Idan tela ya saɓa wa awon da aka ba shi, ko ya ɗinka wani fasali daban da wanda aka yi yarjejeniya a kai, laifin nasa ne. In ɓarnar kaɗan ce, ya gyara da kuɗinsa, ya kuma biya abin da ya ragu na darajar kayan. In kuwa ɓarnar ta kai rigar ba za ta sawu ba, mai kaya tana da zaɓi: ko ta bar masa rigar ya biya ta ƙimar yadinta, ko ta karɓi abarta tare da diyyar abin da ya tauye. Amma idan gidan amarya ne suka aika da awon da ba daidai ba, ko suka kai tsohuwar riga suka ce a bi ta, ko kuma amarya ta ƙara jiki a makonnin gyaran jiki bayan an riga an yanka, to tela ba shi da laifi, kuma hana shi ladansa zalunci ne. Haka nan wanda ya kawo ɗinki saura kwana uku biki, tela ya faɗa masa lokacin gwaji ba zai samu ba, ya nace, shi ma yana da kaso a cikin abin da ya faru.

Malamai sun kawo wata mas'ala mai kyau da ta dace da mu. In mutum ya ce wa tela: in wannan yadi zai isa riga, to ka yanka, tela ya yanka sannan bai isa ba, tela zai biya, domin an ba shi izini ne bisa sharaɗi. In kuwa tambayarsa kawai aka yi ko zai isa, ya ce zai isa, sannan mai kaya ya ba da umarnin a yanka ba tare da sharaɗi ba, da yawa daga cikinsu ba su ɗora masa lamuni ba. Darasin da ke ciki shi ne kalmomin da aka faɗa ranar kai ɗinki suna da nauyi. Don haka muke ba da shawarar a rubuta awo, da fasali, da kuɗi, da kafin alƙalami, da ranar gwaji, da ranar karɓa, ko da a saƙon waya ne. Alƙur'ani ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, kuma ya koyar da mu rubuta bashi a Suratul Baƙara. Rubutu yana kashe musu tun kafin ya taso.

To, in abin ya riga ya faru fa? Da farko a duba rigar kafin a ɗaga murya. Wadda ta yi yawa ita ce mafi sauƙi, ragewa kawai za a yi. Wadda ta matse, a juya cikinta a ga ko tela ya bar rara a bakin ɗinki. In ya bari, farkewa da sassautawa aikin awa ɗaya ne. In bai bari ba, ana iya saka ƙari a gefe biyu da ƙarƙashin hammata daga ragowar ƙyallen, wadda ta gaza tsawo kuma a yi mata ƙari a ƙasa. Wannan ya sa muke tunatar da teloli cewa ragowar yadi ta mai kaya ce, a mayar mata sai in ta yafe. Kuma a nemi gwaji aƙalla mako guda kafin biki, bayan mace 'yar'uwarta ta auna ta, domin bai dace namiji baligi ya riƙa zagaya jikin 'yar mutane da tef ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a mayar da laifin kan jikin amarya. Ana samun gidajen da ake hana yarinya abinci kwana da kwanaki domin ta shiga riga, ko a ɗaure ta har numfashi ya yi mata wuya, ko ƙawaye su riƙa yi mata dariya. Jikinta amana ce, kuma tana gab da shiga rayuwar da take buƙatar lafiya da natsuwa. Haka kuma ba ma goyon bayan a ce ta sa matsattsiyar a haka tunda an riga an kashe kuɗi, ta fita gaban maza da masu ɗaukar hoto. Asalin aikin tufa suturtawa ne, rigar da ta bayyana surar jiki kuwa ta gaza a aikinta ko da leshinta ya kai nawa.

Idan gyara ya faskara, akwai mafitar da muke jin kunyarta alhali magabata ba su ji ba, wato aro. Imam Bukhari ya ware babi a kan aro wa amarya kaya, inda ya kawo labarin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. An same ta sanye da wata riga mai kaurin saƙa wadda kuɗinta dirhami biyar ne, ta nuna cewa baiwarta ma tana ƙin sa irinta a cikin gida, alhali a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da irin wannan riga, kuma duk macen da za a yi wa ado a Madina sai an aiko an are ta. Matan Sahabbai ke nan, riga ɗaya tana zagaya gidaje. Wace amarya ce a Minjibir ba ta da yaya ko gwaggo ko matar wa da za ta buɗe mata akwati? Ga kuma sauran atamfofin lefe, wanda ɗinkin riga da zane mai sauƙi ba ya ɗaukar wuni biyu.

Bayan biki sai a koma kan haƙƙi cikin natsuwa. Wanda aka zalunta yana da damar ya kai kuka, amma ga wanda zai iya raba gardama: dattijon masu sana'ar, ko mai unguwa, ko liman, ko ofishin Hisbah, in duk ya gagara sai kotun shari'a. Ɗora hoton tela a Facebook ko TikTok da zagi yana iya rushe abincin iyalinsa gaba ɗaya saboda riga ɗaya, wannan kuwa ya wuce gwargwadon laifin. Su ma teloli su ji tsoron Allah: karɓar aikin da ka san ba za ka iya gamawa ba, da cewa gobe alhali ka san ba goben ba ce, saɓa alkawari ne, kuma hadisi ya lissafa shi cikin alamomin munafunci. Wanda ya yi kuskure ya amsa, ya biya. Wanda ya sami ikon yafewa ya yafe, musamman ga ƙaramin telan ƙauye da ƙimar leshi ɗaya ta fi abin da yake samu a wata.

Iyaye mata, ku kai ɗinki da wuri, ku ce a bar rara, ku tanadi riga ta biyu. Malaman Islamiyya, ku sa babin ijara cikin abin da kuke koya wa 'yan mata da samari masu koyon ɗinki. Allah Ya sanya albarka a auren 'ya'yanmu, Ya suturta mu duniya da lahira. Allah ne Mafi sani.