Homa Ba Ta San Abin Da Ya Kuɓuce Mata Ba

A 1998 ne ƙungiyoyi biyu na masana taurari suka gano cewa saurin faɗaɗar sararin samaniya ƙaruwa yake yi. Abin da ke ingiza shi aka laƙaba wa suna ɓoyayyen ƙarfi, kuma ya kai kusan kashi 68 cikin ɗari na duk abin da samaniya ta ƙunsa. Binciken ya samo wa Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011, amma har yau ba a san haƙiƙaninsa ba.

Yanzu wasu na kururuwar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta kwance wannan ƙulli ita kaɗai, ɗalibi ya huta da wahalar lissafi. Wannan zance ne maras tushe.

Babu musu, na'urar tana da amfani. A 2024 masu aikin Dark Energy Survey, da suka duba sama daga ƙasar Chile, sun tantance fashewar taurari kusan 1,500 da taimakonta. Sai dai galibi ana horar da ita ne da samaniyar kwaikwayo, wadda aka gina cikin kwamfuta bisa zaton ɗan Adam. Masuncin Matan Fada a Argungu ya san homa tana kamu gwargwadon ramukanta, kuma ba ta ba da labarin kifin da ya sulale. Haka na'urar take: idan zaton ya karkace, amsa ta karkace, kuma ta fito da kamar gaskiya.

Zaton kuwa ya fara girgiza. Sakamakon aikin DESI na Arizona a Amurka, a 2024 da 2025, ya nuna alamar cewa ƙarfin yana raguwa, saɓanin tsayayyen adadin da Einstein ya shigar cikin lissafinsa a 1917. Alamar ba ta zama hujja ba tukuna. Wanda zai rarrabe sabon ilimi da kuskuren awo shi ne ƙwararre a fiziks da ƙididdiga.

A nan maganar ta shafi Kebbi. A Maris 2025 DESI ya saki tarin bayanansa kyauta, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya ta Aliero na iya sauke su. Buƙatarsa ita ce malami nagari, da wuta, da intanet. Duk wanda ya gaya wa yaron Gulma cewa na'ura ta ɗauke masa karatun lissafi, ya damƙa masa homa ne bai koya masa ruwa ba.