Zancen Noma: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Yau zancena da malamai da akawuna na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ne, don na san kusan kowannenku yana da 'yar gona ko fadama.

Kun tuna shekarar 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma su ke kira sharon ta auka wa tumatir, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa cikin watan Mayu? Wanda ya cika fadamarsa da tumatir zalla ya kwana da bashi. Mai albasa da rake a gefe kuwa ya sami na cefane.

Akwai wani tsarin noma da a ke kira famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren na Ostareliya suka bayyana cikin littafinsu a 1978. Gindin maganarsu shi ne a shirya gona yadda kowane abu zai ciyar da ɗan'uwansa. To, ashe ba shi ne giccin kakanninmu ba, gero da dawa da wake a gona guda? Tun wajen 1966 David Norman na Samaru ya bincika noman ƙauyukan Zazzau, ya tarar haɗa iri ya fi shuka guda riba da rage hasara. Abin da mutanen Ostareliya suka ƙara shi ne tsara wuri da lissafi.

Ga yadda ni ke ganin ya kamata. Abin da ke son ido kullum, watau alayyafo da latas da kaji, a sa shi kusa da rijiya ko gida. Rake da mangwaro su yi nisa. A ja kunya a gicciye da gangare, ruwa ya tsaya ya nutse. A yi shinge da zogale, ga miya ga abin sayarwa. Kada a sare gawo, gama da damina ya ke kaɗe ganyensa, ya taki ƙasa, ba ya tare wa shuka rana. Harawa ta tafi ga tumaki, takinsu ya komo gona, haka kuma tokar murhun mazarƙwaila. Inda aka cire tumatir a bi shi da albasa ko masara, ban da gauta, don danginsa ne, tsutsar tana cinsa.

Gaskiya aikin yana da yawa, kuma bishiya ba ta biya a shekara guda. Amma mai kai kaya iri biyar kasuwar Makarfi ko Hunkuyi, da wuya duka su faɗi rana ɗaya.

Ina roƙon malamai su karanta wa manoma wannan, wanda ya gwada kuwa ya rubuto wa Edita abin da ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Mai Zancen Noma