Satar Biro: Darasi Daga Bankin Wells Fargo Na Amurka

 

An daɗe ana cusa wa matasanmu cewa cuta da almundahana halin baƙar fata ne, ƙasashen Turawa kuwa can ne gidan gaskiya da tsari. To ga wani abu da ya faru a Amurka, uwa-uba a tsarin jari-hujja, wanda ya kamata kowane ɗan uwa mai ajiya a banki ya san da shi.

Wells Fargo banki ne da aka kafa tun 1852, yana kuma cikin manyan bankunan Amurka. A watan Satumba na 2016 hukumomin ƙasar suka ci shi tarar dala miliyan 185. Laifinsa? Ma'aikatansa sun yi shekaru suna buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba da saninsu ba. Da farko an ce abin ya kai miliyan 2. A 2017 bankin da bakinsa ya ce adadin zai iya kai miliyan 3.5.

Ga yadda ake yin ta'asar. Mutum yana da asusunsa guda, yana zaune lafiya. Sai ma'aikaci ya buɗe wani sabo da sunansa, ya ƙirƙiri adireshin imel na bogi, ya ɗebi kuɗi daga tsohon ya zuba a sabon. Mai kuɗi bai sani ba, zai rubuta cak ko ya yi sayayya, sai a ce kuɗinsa ba su isa ba, a yanka masa tara. Wani kuma kuɗin shekara na katin da bai taɓa gani ba za a ɗora masa. Ga sata, ga tara a kan wanda aka yi wa satar!

Me ya kai ma'aikaci ga wannan? Manya ne daga sama suka kafa buri cewa kowane abokin hulɗa ya mallaki hajar banki har guda takwas. Aka ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin da za su kawo kullum, wanda ya kasa ya san aikinsa na rawa. Da asiri ya tonu, sai aka ji an kori ma'aikata wajen 5,300 a tsawon shekarun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manyan fa? Shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a Oktoba 2016. An ƙwace wani ɓangare na ladansa, a 2020 kuma aka ci shi tarar dala miliyan 17.5, aka haramta masa aikin banki har abada. A shekarar ce bankin ya amince zai biya dala biliyan 3 don a rufe binciken gwamnati. Amma Stumpf bai kwana a kurkuku ba. Carrie Tolstedt, wadda ta shugabanci sashen da aka yi ɓarnar, ta amsa laifin kawo cikas ga bincike, a 2023 aka yanke mata zaman gida na wata shida. A wannan tsari, mai yankan aljihu a tasha gidan yari ne makomarsa, mai satar biro kuwa ciniki ake yi da shi a kan farashin laifinsa.

Wani zai ce ai abin da aka cire wa kowane mutum bai taka kara ya karya ba. Nan ne dabarar take. Azzalumi ya san babu mai barin sana'arsa ya je ya bi layi saboda ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Musulunci bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sura guda aka saukar, Suratul Muɗaffifina, kan masu tauye mudu, alhali abin da mai tauye mudu yake ragewa bai wuce cikin tafin hannu ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i kuma ta sanya yardar juna sharaɗin halaccin ciniki. Wace yarda ce a asusun da mai shi bai san da shi ba?

Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijeriya ma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana ɗora wa ma'aikatan banki adadin asusu da kuɗin da za su kawo. Kuma nau'in asusu shi ke yanke abin da za a caje ka. Misali, a 2016 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire har naira 1 a kowace 1,000 da ta fita daga asusun karent, wato mai littafin cak, da sunan kuɗin kula da asusu. Asusun ajiya zalla bai shiga wannan ba. Ke nan sauya wa mutum nau'in asusu ba tare da izininsa ba, sa hannu ne a aljihunsa.

Saboda haka wajibi ne ɗan uwa ya farka. Ya riƙa karanta alat, kada ya share. Ya karɓi takardar bayanin asusunsa lokaci-lokaci, ya bi ta layi-layi. Kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da mai miƙo masa abokinsa ne. In ya ga cirar da bai gane ba, ya rubuta ƙorafi, ya riƙe kwafi. In banki ya yi biris, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin. Ya kuma duba wa iyayensa da maƙwabta da ba su iya karatun boko ba, domin raunana su ne abincin farko na wannan tsari.

Ɗan uwan da Allah ya sa abincinsa a banki ko a rumfar POS kuwa, ya ji tsoron Allah. Dukiyar mutane amana ce. Ranar hisabi ba za a karɓi uzurin cewa oga ne ya matsa ba, kuma ogan shi ne zai fara sallamar sa ranar da abu ya ɓaci, kamar yadda aka yi wa waɗancan 5,300.

Shiru a kan ƙaramin zalunci shi ke renon babba. Allah ya tsare dukiyar bayinsa daga azzalumai, ya ba mu ƙarfin halin tsayawa a kan gaskiya.