Kayan Zaƙi da Masu Son Rage Ƙiba

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ya fi dacewa baligi kada ya wuce ƙaramin cokali shida na suga a rana, wato kimanin giram 25. Kwalbar lemo guda ta haura haka. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a 2022 kan lemon kamfani ya tsaya; bai shafi zoɓon da ake ambaya wa suga da gwangwani a gidajen Kawaji ba, balle alkaki da tuwon madarar biki.

Mai son rage ƙiba ba ya buƙatar biskit mai tsada daga kanti, tunda kasuwar 'Yankaba na kusa. A yanka kankana ko gwanda a sanyaya. A dama kindirmo da garin 'ya'yan kuka. A dafa zoɓo da ɓawon abarba, citta da kanumfari, a hana shi suga.

Amma kada a ruɗu: zuma da mazarƙwaila suga ne da suka sauya suna, dabino kuwa biyu sun wadatar. Hausa ma ta bambanta zaƙi da garɗi, kuma gasasshiyar aya ba ta neman suga.