Daga Rumfar Tampuy: Suna Linzami, Har a Intanet

  

A 'yan watannin nan, tambayar da ta fi yawa daga masu karatu ita ce ta shafin intanet. Yara sun taso, sun yi boko, suna matsa wa iyaye cewa a buɗe wa shago shafi. To, kafin a kai ga hotunan kaya da farashi, akwai abin da ake fara yankewa, wato sunan da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso wurinka, irin wanda ke ƙarewa da .com ko .bf. Shi nake kira sunan shafi. Da yawa suna barin yaro ya zaɓe shi cikin minti biyar, alhali shi ne abin da ya fi kowane abu wuyar sauyawa daga baya.

Mu mutanen Wagadugu bai kamata a yi mana dogon bayani a kan darajar adireshi ba. A watan Mayun 2003 babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A wannan tsakanin ne kuma aikin ZACA ya tashi tsohon zangon Hausawa, Zangwetin, da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi. Mutane suka watsu, kowa ya kama inda Allah ya ajiye shi. Wanda ya saba sayen kaya a wurinka shekara ashirin sai ya zo ya tarar da fili, bai san wanda zai tambaya ba. Wasu cinikin nasu bai sake haɗuwa ba, duk da kayansu na nan, don kawai an rasa hanyar zuwa gare su. Sunan shafi yana maganin wannan. Ko ka tashi daga Sankaryare ka koma Tampuy, ko ka bar ƙasar ka koma Kumasi, sunan yana biye da kai muddin kana biyan kuɗinsa.

Wani zai ce ai WhatsApp da Facebook sun ishe shi. Gaskiya ne a nan muke yawancin ciniki, ni ma haka. Amma rumfar aro ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram duk suka ɗauke na wajen awa shida a duniya baki ɗaya, babu wanda aka nemi shawararsa. Layin waya kuma yana ɓata, ana sace waya, ana rufe shafi ba tare da an gaya maka dalili ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne uwa uba wajen zaɓen suna, musamman a gare mu da muke ciniki a kan iyakoki. Hausarmu ɗaya ce a baki, amma a rubuce ta rabu gida uku. Ɗauki kalmar ciniki. Ɗan Kano zai rubuta ciniki. Wanda ya yi lakwal a Maraɗi ko a nan Wagadugu zai rubuta tchiniki. Ɗan zangon Kumasi ko Nima ta Ankara zai rubuta chiniki. Haka Musa da Moussa, Usman da Ousmane, Shu'aibu da Chaibou, Alhaji da El Hadj. Garin da muke zaune ma, mu mu ce Wagadugu, takarda ta ce Ouagadougou. A allon shago wannan ba damuwa ba ne, mai wucewa zai gane. Intanet kuwa ba ta da kara. Harafi ɗaya ya kauce, an kai mutum wani gida daban, ko a ce masa babu wannan shafin.

Kada ku ga kamar ƙaramin abu ne. A shekarar 2023 jaridu suka fallasa cewa miliyoyin saƙonnin imel da aka yi nufin aika wa sojojin Amurka sun yi shekaru suna faɗawa adireshin ƙasar Mali, maƙwabciyarmu. Dalili? Wutsiyar adireshin sojojin .mil ce, ta Mali kuma .ml ce. Mai rubutu ya manta harafin i, shi ke nan. Idan haka ta faru da masu jiragen yaƙi, ina ga mai sayar da atamfa?

Saboda haka gwajin farko na suna, a baki ake yin sa. Ka zaɓi sunan, sannan ka kira mutum uku: ɗaya a Najeriya, ɗaya a Nijar ko nan Burkina, ɗaya a Gana. Ka faɗa musu sunan sau ɗaya, kada ka jero musu haruffa, ka ce su rubuto maka. In duka ukun sun rubuto iri ɗaya, ka samu suna. In sai ka ce "a'a, da s biyu ne" ko "u ne, ba o da u ba", to ka sake lale. Ka tuna yawancin masu sayen kayanmu a saƙon murya za su ji sunan, ko a bakin direban mota a tasha, ba a kati za su gan shi ba.

Da wannan gwajin za ka lura kalmomin da suke tsira su ne waɗanda babu c, sh, j da u a cikinsu. Albarka, amana, madalla, goro, barka: kowa iri ɗaya yake rubuta su, ko a wace makaranta ya zauna. Barka ma riba biyu gare ta, domin a bakin Mosawa godiya ce. Amma a kula da abin da kalma take nufi a kunnen masu gari. Nasara suna ne mai kyau a wurinmu, sai dai mai Faransanci zai ƙara mata s, sannan a nan Wagadugu da ka ce nasara, Bature ne zai faɗo wa Bamoshe a rai. Ka tambayi maƙwabcinka na rumfa kafin ka yanke.

Sai haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yawancin wayoyi da kwamfutocin da ke hannun mutane ba su da su a kusa, don haka a sunan shafi b, d, k za a rubuta. Ita kuma alamar saman nan ta 'ya'ya da sana'a ba a karɓar ta sam, kamar yadda ba a barin fili tsakanin kalmomi. To ka rubuta sunan a haɗe, babu ƙugiya, ka karanta da idon wanda bai san ka ba. Kayan ɗaki ya zama kayandaki, wannan ana ganewa. Amma mai masauki da ya so gidan baƙi, abin da zai fito shi ne gidanbaki, sai ka ce wurin likitan haƙori. Ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. In ma'ana ta juya, a bar kalmar.

Game da tsawo, doka ta yarda har harafi 63, amma wannan ba dalili ba ne na zuba sunanka da na mahaifinka da na garinku da "et frères" a ƙarshe. Kalma biyu sun isa: ɗaya ta gidanku, ɗaya ta sana'a. Lambobi kuma a guje su. In ka ce "amana biyu", wani zai sa 2, wani ya rubuta biyu, wani ma deux. Haka karan ɗori, wato ɗan layin nan da ake sawa tsakanin kalmomi. An yarda da shi, amma wa zai tsaya yana bayaninsa a waya cikin hayaniyar kasuwa?

Kada kuma ka ɗaure kanka da abin da zai iya sauyawa. Mu fatake yau goro, gobe takalma, jibi kayan babur. In ka sa sunan kaya guda ɗaya tak, ranar da ka juya sana'a sunan ya zama ƙarya. Haka sunan unguwa: wanda ya sa wa shafinsa Zangwetin, yau ina zai nuna? Kalma mai faɗi irin su kaya, yadi ko hatsi ta fi daɗewa.

Za ka tarar kalmomi guda-guda masu daɗi tuni an riga ka, musamman a .com, wadda take aiki tun 1985. Ba mu kaɗai muka san daɗin kalmominmu ba. Kamfanin Jumia da kuke ji, da sunan Kasuwa ya fara a Legas a 2012 kafin ya sauya. In an riga ka, kada ka lanƙwasa rubutun don ka samu shiga, kamar ka ninka harafi ko ka cire wani. Duk wanda ya rubuta daidai, gidan wancan za ka tura shi. Ka ƙara kalma ta biyu kawai. Sayen suna daga hannun wanda ya riga ka kuwa ba wasan talaka ba ne: Facebook da kansa da thefacebook.com ya fara, sai a 2005 ya sayi facebook.com a kan dala dubu 200.

Sai wutsiyar suna. Kowace ƙasa da tata: Burkina .bf, Nijar .ne, Najeriya .ng, Gana .gh, Togo .tg, Kodebuwa .ci. Tamu ta nan tana ƙarƙashin kulawar hukumar sadarwa ta ARCEP, ta Najeriya kuma ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da ita. Akwai kuma .africa da aka buɗe a 2017. Shawarata ita ce ka dubi inda masu sayenka suke. In cinikinka a cikin Burkina ne, da ofisoshi da kamfanonin nan, .bf tana nuna kai ɗan gida ne, ana iya samunka. In kayanka suna yawo tsakanin Kano, Lome, Kumasi da Wagadugu, .com ta fi sauƙi, don ita ce hannun mutane ya saba rubutawa. Mai hali ya kama biyun, ya sa ɗaya ta riƙa tura mutane zuwa ɗayar. A kula da .ne da .ng, a waya suna rikita mutane ƙwarai.

Wani kuskuren da na ga matasa masu sayar da waya da kayan babur suna yi shi ne cusa sunan babban kamfani a cikin nasu, irin su Samsung, Tecno ko Yamaha, wai don a yi saurin samunsu. Tun 1999 akwai tsarin da mai tambari zai kai ƙara, galibi a hukumar WIPO da ke Janeba, a karɓe sunan a ba shi. Ka buga katuna da leda da allo, rana ɗaya a wayi gari babu shafin. In kuma naka sunan ya fara ƙarfi, ka yi tunanin yi masa rajistar tambari. Mu na ƙasashen nan, hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ce ke wannan aikin, rajista ɗaya ta game ƙasashenta 17.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, wato sunan wa aka rubuta a rajista. Akwai wani maƙwabcina mai sayar da kayan babur. Ya ba wani yaro kuɗi ya buɗe masa shafi, aiki ya yi kyau, ciniki ya fara shigowa. Ashe yaron da imel ɗinsa da lambarsa ya yi rajistar. Bayan shekara yaro ya tafi neman kuɗi wata ƙasa, saƙon tuni na biyan kuɗi yana zuwa wurinsa, shi kuma ya sauya layi. Wa'adi ya cika, shafi ya mutu, daga baya wani can ya kama sunan. Yaron ba mugu ba ne, rashin sani ne na su biyun. Amma ledoji dubbai da aka buga da sunan sun zama asara, kuma har yau akwai masu shiga suna zaton shi ne. Ku duba haɗarin: in mai sabon shafin macuci ne, ya sa lambarsa ta karɓar kuɗi ta waya, mutuncin wa zai zube?

Ku gane cewa sunan shafi haya ne, shekara-shekara ake biya, kamar rumfar kasuwa. A .com ana iya biyan har shekara goma a gaba, kuma kuɗin shekara guda bai kai na buhun shinkafa mai kilo 50 ba. In wa'adi ya wuce akan ba da ɗan lokaci na fansa, amma da tara mai nauyi, bayan nan kuma a sake shi ga duk wanda ya riga. Manya ma suna mantawa. A Disambar 1999 kamfanin Microsoft bai sabunta wani sunansa da Hotmail ke dogara da shi ba, sai wani mutum can daban ya biya musu dala 35 daga aljihunsa don ya samu ya buɗe saƙonninsa.

Don haka in za a yi rajista, ka zauna kusa da mai yi. Sunanka ko na shagonka za a rubuta a matsayin mai shi. Imel ɗin ya zama naka, lambar wayar ta zama wadda ba ka sauyawa. A ba ka rasit. Ka rubuta ranar cikar wa'adi da kalmar sirri a littafin da kake rubuta bashi, ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda suke, domin rai ba a bakin komai yake ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ake gada. Kafin ka biya, ka sa a duba ko sunan yana nan a sake a Facebook da TikTok, don ya zama suna ɗaya kake amsawa ko'ina.

Aikin wannan makon ba ya cin ko dala. Ku zauna da iyali bayan sallar isha'i, kowa ya kawo suna, ku tace su zuwa uku. Gobe ku aika su a saƙon murya zuwa Kano da Yamai da Kumasi, ku ga wanda zai dawo lafiya ba tare da ya yi ɗingishi ba. Shi za ku kai wa mai rajista.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.