DAGA BAKIN RIMA: In Makaɗi Ya Tsaya Shi Kaɗai



Kwanan baya na je Goronyo ɗaurin aure. A hanyar komowa Wurno direba ya sako wani kiɗan jita, sai wani saurayi da ke kusa da ni ya ce, "Yaya, wanga kiɗin Buzaye na, amma muryar kamar ta waƙar fim!" Na ce, "Ƙanena, kunnen ka bai yi maka ƙarya ba. Nan Sakkwato aka ɗauke ta."

Mai kiɗan shi ne Mdou Moctar, sunan sa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar. Bahago ne, kuma jitar sa ta farko da kan sa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, don a gidan su ba a son harkar kiɗa. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki albam ɗin sa na farko, 'Anar', aka sa masa na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan mu. Waƙoƙin ba su bi ta kasuwa ba, daga waya zuwa waya su ka yi ta yawo har su ka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds. Shi ne ya nemo shi, kuma a 2015 su ka fitar da fim a kan wani makaɗin jita na Agadas, Mdou ne jarumi, an aro labarin daga 'Purple Rain' na mawaƙi Prince.

To, abin da ya ja hankali na shi ne abin da ya yi a 2017. Sunan sa ya fara tashi, an san shi da jita mai ƙara da zafin ganga a gidajen biki. Sai ya shiga situdiyo a birnin Portland na Amurka shi kaɗai, ya yi 'Sousoume Tamachek'. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne ɗan amshin kan sa. Kiɗa ne mai sanyi, kamar na hirar dare ana shan shayi. Bayan shekara biyu kuma ya fito da cikakkiyar tawaga a albam ɗin 'Ilana', sannan 'Afrique Victime' a 2021, wanda ya ƙara fito da shi a idon duniya.

Manyan Turai ma sun bi wannan hanya. Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ya fi shekara 25 ya na kaɗa masu jita kafin ya yi albam nasa na kan sa, 'Talk Is Cheap', a 1988, lokacin da su ke zaman doya da manja da mawaƙin su Mick Jagger. Mutane su ka ce shi kenan, ƙungiya ta watse. Ina! A 1989 su ka shirya su ka fitar da 'Steel Wheels'.

Mu dawo gida. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya daɗe a bayan yayan sa Kurna Maradun ya na amshi kafin ya ja tasa tawagar. Da ya tashi waƙar Sardauna, ɗan Rabah, ai kowa ya ji an yi karatu a gindin malami.

Me ya sa na kawo duk wannan? Saboda abin da mu ke gani a industiri. Yaro zai yi waƙa biyu a situdiyon ogan sa, a yi rawar ta a fim, 'yan mata su haddace, sai ka ji wai shi ma ya ɓalle zai yi albam. A fito da shi ka saurara, wayam! Ashe mai fiyano ne ke riƙe da shi, wanda ko sunan sa ba a sawa a fosta. Kuɗin da ya ranto sun tafi, ga shi ya ɓata da oga, ba fuskar komawa.

Ni ban ce kada kowa ya tsaya da ƙafar sa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma ku duba mutanen nan uku: kowanne sai da ya iya hannun sa tukuna. Mdou da Richards kuwa, bayan sun yi nasu, tare da jama'ar su su ka ci gaba da aiki.

Don haka ƙanne na masu sha'awar waƙa a Wurno, Rabah da Goronyo, ga gwaji mai sauƙi. Ranar da aka ɗauke wuta a gidan biki, janareta ya ƙi tashi, za ka iya riƙe taron da muryar ka da abin da ke hannun ka? In za ka iya, bisimilla. In ba za ka iya ba, koma bayan oga ka ƙara koyo, ba abin kunya ba ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.