Yadda raini ya jawo wa masu neman sauyi asara a Amurka

A watan Fabrairun 2009, wata guda da rantsar da Barack Obama, wani ma'aikacin tashar CNBC, Rick Santelli, ya tsaya a kasuwar hada-hada ta Chicago yana kumfar baki kan shirin gwamnati na agaza wa waɗanda bashin gida ya danne. Wannan faɗan ne ya hura wutar Tea Party, ƙungiyar masu ra'ayin riƙau. A watan Agusta, masu ra'ayin riƙau sun cika zaurukan da 'yan majalisa ke ganawa da jama'arsu, suna yi musu ihu kan ƙudurin dokar inshorar lafiya na Obama.

Martanin farko na masu neman sauyi shi ne dariya. Nancy Pelosi, kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ta ce attajirai ne suka kitsa abin, ba talakawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a zancenta: ƙungiyar Americans for Prosperity ta attajiran gidan Koch ta zuba kuɗi, Fox News kuma ta yi ta kaɗa ganga. Sai dai da Theda Skocpol da Vanessa Williamson na Jami'ar Harvard suka bi sawu, sun tarar da rassa kusan 1,000, akasarinsu na dattawa farar fata masu rufin asiri, waɗanda ke haɗuwa a kai a kai, suna bibiyar ƙudurori, suna kuma sanin ranar zaɓen fitar da gwani. Kuɗi na iya cika fili na yini guda, amma wannan naci na mutanen ne da kansu.

Sai masu neman sauyi suka shiga kwaikwayon suna da taron gangami. Annabel Park ta buɗe Coffee Party a Facebook a 2010. Ranar 30 ga Oktoba, mai barkwanci Jon Stewart ya tara dubban ɗaruruwa a Washington, aka sha raha. Bayan kwana uku, a zaɓe, jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai. Zanga-zangar Occupy Wall Street ta 2011 ta fi nauyi, don ta sa maganar giɓin arziki a bakin kowa, amma ta ƙi tsayar da shugaba balle ɗan takara, kuma cikin wata biyu 'yan sanda suka kwashe tantunanta. Su kuwa 'yan Tea Party suna can suna kayar da manyan jam'iyyarsu ta Republican ɗaya bayan ɗaya, daga Sanata Bob Bennett na Utah har Eric Cantor a 2014.

Sai a Disambar 2016, bayan nasarar Donald Trump, aka sauke girman kai. Ezra Levin da Leah Greenberg, tsofaffin ma'aikatan majalisa, suka fitar da jagorar Indivisible, suna faɗa ƙarara cewa dabarun Tea Party suka ara: ƙananan rassa, kowane ya matsa wa ɗan majalisarsa lamba ta waya, a ofis da a zaure. A Yulin 2017 yunƙurin soke dokar lafiyar Obama ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 51 da 49, a 2018 kuma Democrat ta ƙwace Majalisar Wakilai.

Jinkirin dai ya riga ya yi ɓarna. Majalisun jihohin da Republican ta kama a 2010 su ne suka shata iyakokin mazaɓu a 2011. A Wisconsin, Democrat ta ci kujerar gwamna a 2018, amma kujeru 36 kacal ta samu cikin 99 na majalisar wakilan jihar.